Dauɗar Fiffiken Hagu

A layinsu kowa Anti Mai Gilashi yake ce mata, don tun tana budurwa aikinta ke nan. Tana zama a bayan kanta a wani shagon tabarau, da 'yar sukundireba wadda ba ta kai tsinken ashana kauri ba, tana ɗaure wa mutane gilashin da ya saki. In ka zauna a kan naka ya lanƙwashe, ita za ka kai wa. In ƙafarsa ɗaya ta cire ka ɗaure da zare, za ta karɓa ta kalle ka ta saman nata gilashin, kallon da zai sa ka ji kunyar zaren nan har ka isa gida. Mace ce marar yawan magana, hannunta ba ya rawa, kuma ba ta son a tsaya mata a ka in tana aiki.

Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa ce mata Anti ba. Mahaifinta ne. Shi Auta yake kiranta, tun tana rarrafe har ta yi aure, har yaranta biyu suka girma suka tafi makarantar kwana. To, sunan nan ne ya ɓace mata, kuma nemansa ne ya ja ta cikin duk abin da ya biyo baya.

Baba bakaniken jirgin yaƙi ne a sojan sama, a zamanin waɗansu jirage masu buɗaɗɗen hanci kamar bakin tulu, waɗanda yanzu sai dai a hoto. Bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Shi ne dai mai hawa fiffike da sifana, mai shiga ƙarƙashin ciki ya fito baƙi ƙirin. Da tsufa ya zo, bai kama shi a ƙafa ko a ido ba, sai ya kama shi a ka. Ya fara da manta inda ya ajiye hula, ya koma manta ko ya ci abinci, daga nan ya shiga manta mutane ɗaya bayan ɗaya. Yana zaune a gidan Yaya, babban ɗansa, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Duk ƙarshen mako takan je ta durƙusa ta gaishe shi, shi kuma ya amsa da fara'arsa ta da, ya ce, “Sannu, baiwar Allah. Daga ina?”

Baiwar Allah! Ita da ya goya a wuyansa. Takan yi murmushi ta ce daga nan kusa, sai ta fita tsakar gida ta tsaya a bakin famfo kamar mai wanke hannu, har idonta ya bushe.

Wata rana tana gyara masa ɗaki, wani tsohon hoto ya zame daga bayan madubi. Hoto ne mai baƙi da fari, Baba yana saurayi, yana tsaye a kan fiffiken jirgi, hannu a ƙugu. Ta miƙa masa don kawai ya samu abin riƙewa. Sai ga tsohon nan ya gyara zama. Ya ɗora yatsa a gindin fiffiken hagu, inda fentin ya koɗe, ya ce, “Ga inda nake takawa. Takalmina ne ya cinye wajen nan.” Ya nuna baƙin hayaƙi a ƙarƙashin jela, ya nuna wani layin mai da ya zubo daga wata 'yar ƙofa a gefen ciki, ya ce wannan yoyon ya fi ƙarfin kowa, a gyara yau gobe ya dawo. Yana magana yana dariya, muryarsa ta dawo irin ta da. Can ya ɗago ya dube ta sosai, leɓensa ya buɗe. Ta rantse da Allah ta ga sunanta a bakinsa. Sai abin ya wuce, ya mayar da ido kan bango.

Tun daga ranar ta ƙudurta a ranta. In ɗan hoton da ya dushe ya kawo shi har bakin ƙofa, to jirgin da zai riƙe a hannu, ya juya, ya shafa da yatsa, zai shigo da shi ciki.

Wani mai sayen gilashi a shagonsu, wanda ke shigo da kaya daga waje, shi ya gaya mata ana sayar da irin jiragen nan na roba a kwali, gutsi-gutsi, mutum ya haɗa da kansa. Ta nuna masa hoton. Ya daɗe yana nema kafin ya samo, ya ce ma an daina yin irinsa, wannan ɗin a ƙasan kayan wani shago aka tono shi. Da ta isa gida ta buɗe kwalin. Ba jirgi ba ne, waɗansu 'yan gutsattsarin roba ne masu ruwan toka, maƙale a jikin sanduna kamar ƙayar kifi, waɗansu ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

Ta share ƙaramin teburin da ke gindin taga ta mayar da shi wajen aiki. Da sassafe kafin ta tafi shago, da kuma yamma in ta dawo da sauran haske, nan za ka same ta. Ta yanko gutsure da reza, ta goge bakinsa da sanfefa mai laushi, ta gwada shi a busasshe, sannan ta ɗiga gam da tsinken sakace. Kujerar matuƙi ba ta fi ƙwayar wake ba, amma sai da ta yi mata bel da siririn zare. Da ta haɗa ɓari biyu na gangar jikin, da maƙalan shanya ta matse su har suka kama. Takardar cikin kwalin ta nuna a sa nauyi a hanci don kada jirgin ya zauna a kan jela, sai ta cika hancin da tsofaffin sukurorin gilashi da ta tara a gwangwani. Murfin kan matuƙi kuwa, wanda yake garai-garai, gam ya taɓa shi ya yi hazo, ta kwashe shi zuwa shago ta yi ta goga da abin goge gilashi har ya washe.

Kuma kada ka ce an bar ta ta yi aikinta cikin salama. Ina! Maƙwabciya ta leƙo aron dutsen guga, ta ga abin da ke kan tebur, kafin la'asar duk layin ya ji cewa Anti Mai Gilashi ta koma wasan yara. “Uwar manyan 'ya'ya da jirgin roba! Ko dai ciwon Baban nata gado ne?” Haka wata ta faɗa, ana shewa. Ka ji fa rashin ta-ido. Su da suke wuni a bakin ƙofa ba abin da suke haɗawa sai gulma, su ne masu yi wa wani dariyar abin da yake haɗawa. Yaya ma da ya ji, cewa ya yi, “Ke dai ba kya rabo da neman wahala. Likita ya ce abin nan ba ya komawa baya.” Ta ce ta ji. Ba ta fasa ba.

Da jirgin ya tsaya da ƙafafunsa, ta shafa masa ruwan azurfa da burushi, siriri-siriri, don kada fenti ya cike 'yan layukan da ke jikinsa, waɗanda ke nuna inda faranti ya haɗu da faranti, da 'yan ɗige-ɗigen ƙusoshi. Ta jiƙa 'yan takardun lamba a faranti, ta zame su da hantsaki ta ɗora a mazauninsu. A nan mafi yawan mutane za su ce an gama. Ita kuwa a nan aikin ya fara, don ba sabon jirgi take nema ba. Jirgin Baba take nema, wanda ya sha rana, ya sha mai, ya sha takalmi.

Tsufar da abu da gangan ya fi gina shi wuya. Ta jingine hoton a jikin taga. Ta daka kwallinta ya yi laushi, ta riƙa ɗiba da busasshen burushi tana shafawa a ƙarƙashin jela har hayaƙin ya zauna kamar na gaske. Layin yoyon mai ta ja shi da bakin allura, ta goge, ta sake ja, ta goge, sai da ya yi daidai da na hoton, har 'yar lanƙwasar da iska ta yi masa. Gindin fiffiken hagu ta bari a ƙarshe. Nan ta riƙa ƙwarzanar fentin da ɗan guntun sanfefa a kan tsinke, kaɗan yau, kaɗan gobe, tana tuna yadda Baba yake jan ƙafar dama in zai hau matakala, har wajen ya koɗe daidai faɗin takalmin mutum. Ranar da ta gama ta ja baya ta kalle shi. In ka matso kusa sai ka ce za ka ji warin baƙin mai.

Yanzu bari a zo kan maigidanta.

Mai fentin mota ne, a gareji Ƙyalli suke ce masa, kuma ba a banza ba. Mutum ne da ba zai iya wuce mota mai ƙwarzane ba tare da ya shafa wajen da babban yatsa yana tsaki ba. Butar shayin gidansu har fuskarka kake gani a jikinta. Mariƙin ƙofa, kan famfo, kwanon fitila, ba abin da ya tsira daga tsummansa. Ba mugu ba ne, wallahi ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi ƙona rai ke nan. Da mugu ne da ta ɓoye jirgin.

Tun tana shafa azurfar yake zagaya teburin. “Maman yara, burushi fa ba ya fenti. Ki ba ni in kai gareji in fesa miki, ki ga aiki.”

“A'a, na gode. Haka nake son sa.”

Da ta fara sa dauɗar sai ya kasa haƙuri. “Subhanallahi! Me ya zuba a nan? Kin ga har ya ƙwarzane.”

“Ni na yi. Haka na Baba yake, dubi hoton. Don Allah kar ka taɓa min.”

“To, to, na ji.”

Bai ji komai ba. Ta wannan kunnen ya shiga ta wancan ya fita. A kansa, mutum mai hankali ba ya ɓata fenti da gangan. Abin da ya fahimta shi ne aikin ya ƙwace mata, kunya ta hana ta faɗa, shi ya sa ta laɓe a bayan hoto. Sai tausayinta ya kama shi. Ga mata ta yi watanni tana wahala, ga shi za ta kai wa surukinsa abu duk dauɗa, alhali mijinta ne gwanin fenti na unguwar gaba ɗaya. Ina amfaninsa?

Ana gobe za ta kai wa Baba, ta rufe jirgin da kwalinsa ta tafi shago. Ƙyalli ya naɗe shi a tawul ya ɗora a kujerar gaba, ya nufi gareji.

A yi masa adalci, bai yi aikin ganin dama ba. Ya ajiye motar mutane, ya wuni a kan abin da bai kai tsawon hannunsa ba. Ya wanke kwallin tas. Ya ga 'yan layukan nan da ɗige-ɗigen ƙusoshi, ya ɗauka tsagewa ce, ya cike su da irin ƙullin da suke cike lotsawar mota da shi, ya bi da sanfefa har jikin ya yi sumul kamar ƙwai. Ya rufe murfin matuƙi da lambobin da salatif, tsaf-tsaf. Sannan ya ɗauko bindigar feshi ya yi masa azurfar mota mai walƙiya, ya bi da ruwan ƙyalli har shafi biyu. Gindin fiffiken hagu, inda ƙwarzanen ya fi yawa, nan ya fi ba wa kulawa.

Da ta dawo da yamma ta tarar da shi a tsaye a falo, ya yi wanka, baki har kunne. Ga wani abu a kan tebur an lulluɓe da farin ƙyalle.

“Rufe idonki,” in ji shi.

Ba ta rufe ba. Ya yaye ƙyallen.

Ta tsaya tana kallo. Jakarta ma ba ta sauke ba. Abin da ke kan teburin yana ɗaukar ido kamar sabon cokali, irin wanda ake kafawa a kan teburin ofis don ado. Ta matsa ta duba ƙarƙashin jela, ta duba gefen ciki, ta duba fiffiken hagu. Fuskarta kawai ta gani a wajen.

“Ya kika gani? Ko a kamfani sai haka.”

“Me na ce maka?” Muryarta a ƙasa take.

“Ai na san kin ce, amma…”

“Me na ce maka, Baban yara? Ban ce kar ka taɓa ba? Da wane yare zan faɗa?”

“Haba, gyara miki fa na yi. Duk ya yi dauɗa, ga tsaga ko'ina…”

“Dauɗar ita ce aikin! Dauɗar nake kai masa!” Yanzu kam muryar ta fashe, har maƙwabta sun ji. “Wajen nan da ka shafe, sawun ƙafar ubana ne. Shi kaɗai ya rage da yake ganewa a duniyar nan. Ni bai gane ni ba, Yaya bai gane shi ba, sawun nan ya gane, ka sa sanfefa ka goge!”

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya kalli jirgin, ya kalle ta, ya ce a hankali, “Ni na ɗauka kuskure ne.”

“Ka ɗauka! Shekara nawa ina ɗaure sukurun da kai ko ganinsa ba ka yi, yau ni ce zan zubar da fenti ban sani ba? Ba kuskurena ka gani ba. Ka dai ga mace da burushi ne, ka ce bari mai sana'a ya zo.”

Wannan maganar ta shige shi, don gaskiya ce. Ya ce zai cire, yanzu-yanzu ma. Ya fita da gudu ya ɗauko tina, ruwan cire fenti, a but ɗin mota. Ta ƙwace kwalbar, ta ɗiga kaɗan a auduga ta gwada a ƙarƙashin ciki inda ba a gani. Fentin bai motsa ba, robar ce ta yi laushi ta fara narkewa a ƙarƙashinsa. Roba ba ƙarfen mota ba ce. Ko da fentin zai fita, layukan da ƙusoshin sun riga sun tafi. Ta gwada ƙwarzanar fiffiken da sanfefa, sai ya ba da wani farin tabo irin na motar da aka goga wa mabuɗi, ta tsaya don kada ta ƙara lalata shi. Wani kwalin kuma babu. Ko da za a samu, watannin da za ta sake yi Baba ba shi da su, don a 'yan makonnin nan ko maganar ma ta fara yi masa nauyi.

Da safe Yaya ya bugo waya. “In za ki zo ki zo yanzu. Yau ya tashi da ɗan haske, har ya nemi shayi da kansa.”

Ta tsaya a gaban teburin tana kallon abin. Zuciyarta ta ce ta bar shi, ta ce ta jefa shi a kwandon shara. Amma siffar tana nan, hancin nan mai kama da bakin tulu yana nan, lambar ma tana nan. Wa ya sani? Ta naɗe shi ta fito. Ƙyalli ya riga ya tayar da mota. Da suka isa ta fita, bai bi ta ba, ya ce zai jira a nan.

Baba yana zaune a bakin gado, an sa masa farar riga. Ta durƙusa ta gaishe shi.

“Sannu, baiwar Allah. Daga ina?”

“Daga nan kusa, Baba. Ga wani abu na kawo maka.”

Ta ɗora masa a cinya. Ya sa hannu biyu ya ɗauka, ya ɗaga shi wajen hasken taga. Idonsa ya tsaya a kan hancin, girarsa ta haɗu. Ya juya shi a hankali, ya leƙa ƙarƙashin jela. Sannan babban yatsansa ya tafi da kansa, ba wanda ya nuna masa, ya sauka a gindin fiffiken hagu. Ya shafa. Ya sake shafawa, yana neman wani abu. Yatsan ya zame a kan santsi.

Girar ta saki. Ya yi ɗan murmushi irin na wanda aka nuna wa kayan talla.

“Kai, yana da kyau,” in ji shi. “Amma wannan bai taɓa tashi ba. Na wasa ne.”

“Baba, naka ne. Wanda kake hawa. Duba lambar.”

Bai duba ba. Ya miƙo mata da hannu biyu, cikin ladabi, yadda ake mayar wa baƙo kayansa.

“Baiwar Allah, in ba damuwa, ki kai wa Auta. 'Yar ƙaramar yarinyata ce, tana nan tsakar gida. Tana son abu mai ƙyalli.”

Ta karɓa. Ta ce to, za ta kai mata. Yau ko bakin famfon ba ta tsaya ba, ta wuce Yaya yana tambayarta ya aka yi, ta fita waje.

Ƙyalli yana jingine da mota, tsumma a hannunsa, yana goge madubin gefe don ya rasa abin yi. Da ya hango ta ya cusa tsumman a aljihu.

“Ya gane shi?”

Ta buɗe ƙofa ta zauna, ta ɗora jirgin a cinyarta.

“Ya ce in kai wa Auta,” ta ce. “Ja motar mu tafi.”